FASHIN BAƘI: Yadda faɗin silinda, zangon fistin da ringi ke shafar aljihun ɗan adaidaita sahu

Injuna iri biyu ne ke gogayya a titunan Nassarawa GRA da ke Kano a kowace safiyar ranar aiki. Akwai na manyan motocin jami'ai da ke shiga da fita ta State Road, inda Gidan Gwamnati yake, waɗanda baitulmali ke ɗaukar nauyin mansu da gyaransu. Akwai kuma na adaidaita sahu, masu sauke ƙananan ma'aikata a Sakatariyar Audu Bako da masu jinya a Asibitin Muhammad Abdullahi Wase, waɗanda kowace lita da suka ƙona daga cinikin ranar direba take fita.

Tun ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ayyana ƙarshen tallafin man fetur, litar da ake sayarwa ƙasa da naira 200 a farashin hukuma ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, sannan ta zarce naira 1,000 a Oktoban 2024. A tsakiyar Yunin 2023 kuma Babban Bankin Najeriya ya saki naira, dalar da ke wajen naira 460 ta wuce naira 1,500 a Fabrairun 2024. Mataki na farko ya tsawwala mai, na biyu ya tsawwala kayan gyara, domin mafi yawan fistin da ringin da ke rumfunan Kasuwar Ƙofar Ruwa daga ƙetare ake shigo da su. Muhawarar tallafi ta cika gidajen rediyo da shafukan sada zumunta, amma ba a cika tambayar ina litar take tafiya bayan ta shiga tanki ba. Amsar tana cikin ma'auni uku da ake lissafa su da milimita.

Lissafin da ke bayan "cc"

Zuciyar inji rami ne mai siffar gwangwani da ake kira silinda, a cikinsa kuma fistin ke hawa da sauka. A injin da ke aiki da bugu huɗu, kamar na mota da na mafi yawan adaidaitar yau, fistin yana sauka ya shaƙi iska gauraye da fetur, ya hau ya matse su, fulogi ya tartsa wuta ƙunar ta tunkuɗa shi ƙasa, sannan ya sake hawa ya kori hayaƙi. Bugu ɗaya kacal cikin huɗun ke samar da ƙarfi. Kwanrod ne ke ɗaukar tunkuɗar ya miƙa wa karankishaf, shi kuma ya mayar da hawa da sauka zuwa juyi.

Ma'auni na farko shi ne faɗin silinda daga bango zuwa bango. Na biyu shi ne zangon fistin, wato nisan da yake ci daga ƙololuwar hawansa zuwa ƙarshen saukarsa. Idan aka ninka girman fuskar fistin da tsawon zangon, sai a sami yawan abin da silinda ke shaƙa a bugu ɗaya, kuma wannan ne adadin "cc" da ake rubutawa a jikin babur. Injin TVS King, ɗaya daga cikin nau'o'in adaidaitar da suka cika Kano, faɗinsa milimita 62 ne, zangonsa 66, abin da ya ba da cc 199. Injin Toyota Corolla mai lamba 1ZZ faɗinsa 79, zangonsa 91.5, silinda huɗu, jimilla cc 1,794.

Ma'aunan biyu ba su da nauyi ɗaya a lissafi. Ƙarin zango yana ƙara cc daidai gwargwado, amma faɗi sau biyu yake shiga lissafin, domin da'ira ce. Tsofaffin baburan Honda sun nuna haka ƙarara: C50 da C70 zangonsu ɗaya ne, milimita 41.4, amma da aka faɗaɗa silinda daga 39 zuwa 47, cc ya tashi daga 49 zuwa 72. Milimita 8 ta ƙara kusan rabin girman injin.

Mai faɗi da mai zurfi

Ana iya samun cc iri ɗaya ta hanya biyu: a yi rami mai faɗi da gajeren zango, ko siriri mai dogon zango. Zaɓin da injiniya ya yi a nan shi ke tsara halin inji har ƙarshen rayuwarsa.

Silinda mai faɗi yana ba da sararin manyan bawul, iska ta shiga da yawa cikin gaggawa. Gajeren zango kuma yana nufin fistin ba ya cin nisa a kowane juyi, don haka injin zai iya juyi da sauri ba tare da ya wargaje ba. Ƙarshen wannan hanya shi ne motocin tseren Formula 1 na shekarun 2006 zuwa 2013, masu faɗin milimita 98 da zangon da bai cika 40 ba, waɗanda ke kai juyi 18,000 a minti guda. A ɗaya ƙarshen akwai injin jirgin ruwan dakon kaya na kamfanin Wärtsilä, mai faɗin santimita 96 da zangon mita biyu da rabi, wanda juyi 102 kawai yake yi a minti.

Abin da ke iyakance inji shi ne gudun da fistin yake yi a jikin bango. Na motar tseren yana cin kusan mita 24 a daƙiƙa. Na jirgin ruwan mita 8.5. Na TVS King, idan injin yana juyi 4,000 a minti, mita 8.8 yake ci, wato daidai da na wancan ƙaton jirgi. Idan direba ya taka har 5,000, ya kai mita 11, yana hawa da sauka sau 83 a kowace daƙiƙa. Duk ƙarin gudun nan gurzar ƙarfe ne da zafi, kuma ringi ne ke fara ɗanɗana su. Direban da ke murɗa totur har inji na kururuwa domin ya riga abokin sana'arsa ga fasinja, rayuwar ringinsa yake ragewa.

A bakin kanikawa da direbobi akwai magana da ta zama ruwan dare, cewa inji mai dogon zango ya fi ja saboda hannun karankishaf ɗinsa ya fi tsawo, kamar yadda doguwar sifana ta fi kwance noti. Rabin gaskiya ce. Kamfanin Bajaj ya ba da misalin da za a iya aunawa: tsohon injinsa na cc 99 da aka sani a baburan Boxer da CT100 faɗinsa 53 ne, zangonsa 45, daga baya kuma ya fito da na cc 102 mai faɗin 47 da zangon 58.8. Hannun karankishaf ya ƙaru daga milimita 22.5 zuwa 29.4, amma fuskar fistin da ƙuna ke dannawa ta ragu da sama da kashi ɗaya cikin biyar. Idan aka haɗa lissafin biyu, ribar tsawon hannu ta tafi a asarar faɗi, saura bambancin da bai kai kashi 3 cikin ɗari ba, wanda shi ne dai bambancin cc 99 da 102.

To me ya sa kamfanin ya sauya? Saboda siririn silinda yana da wasu fa'idoji da ba a gani da ido. Ɗakin ƙunarsa a dunƙule yake, wuta ba ta da nisan tafiya daga fulogi zuwa gefe, don haka man yana ƙonewa da sauri kuma sosai. Bangon da zafi ke tserewa ta jikinsa a lokacin ƙuna ya fi ƙanƙanta, don haka kaso mafi yawa na zafin ke zama aiki. Ƙananan bawul ɗinsa kuma suna sa iska shiga da ƙarfi ko da inji na juyi a hankali, ta cakuɗu da mai yadda ya kamata. Daga nan ne jan da direba ke ji idan ya tashi da lodi daga danja yake fitowa, daga nan ne kuma tsimin mai yake. Abin da aka sadaukar shi ne gudun ƙoli, wanda mai yawo tsakanin Bata da Kwanar Jaba ba shi da buƙatarsa.

Siyasa ma ta taɓa zana siffar inji. Daga 1921, Birtaniya ta ɗora wa motoci harajin fam ɗaya a kan kowane "ƙarfin doki", da wani lissafi da ke duba faɗin silinda da yawansu kawai, bai kula da zango ba. Motar Ford Model T ta Amurka mai faɗin milimita 95 ta riƙa biyan fam 23 a shekara, ƙaramar Austin 7 mai faɗin 56 da zangon 76 tana biyan fam 8. Kamfanonin Ingila suka rungumi sirirai masu dogon zango don kauce wa haraji, har aka soke tsarin a ƙarshen shekarun 1940. A Kano ma doka ce ta zaɓa wa gari injinsa: bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero a Janairun 2013, gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta haramta acaɓa, sai dakon mutanen birni ya koma wuyan inji mai silinda ɗaya da cc kusan 200, wanda aka ƙera don direba da fasinja uku, ake kuma ɗora masa biyar har da buhu.

Zoben da ya fi kowane ƙarfe wahala

Fistin ba ya cika silinda dam. Dole a bar rata tsakaninsa da bango domin yana kumbura idan ya yi zafi. A ƙananan injuna ratar takan kama daga milimita 0.02 zuwa 0.05, ƙasa da kaurin silin gashi. Abin da ke toshe wannan rata shi ne ringi, zobe na ƙarfe mai tsaga wanda ke zaune a cikin gurbi a jikin fistin yana tokare bango. Injiniyan jiragen ƙasa na Ingila John Ramsbottom ne ya ƙirƙiro shi a 1852, kuma siffarsa ba ta sauya sosai ba tun daga lokacin.

Galibi uku ne a jikin kowane fistin. Na sama shi ke tare matsin ƙuna kada ya zurare ƙasa. Na tsakiya yana taya shi, yana kuma kankare ragowar baƙin mai daga bango. Na ƙasa aikinsa mai ne zalla: yana share baƙin man da ya fantsamo, ya mayar da shi ta ƙananan huduji zuwa cikin inji, ya bar ɗan siririn shafi da ƙarfe zai zame a kai. Akwai aiki na huɗu da ba a cika ambata ba: ta jikin ringi ne mafi yawan zafin kan fistin ke ratsawa zuwa bango, daga nan iska ko ruwa su kwashe shi. Ringin da bai kwanta daidai ba yana barin fistin ya gasu.

Tankwasuwar zoben ba ita kaɗai ke manna shi da bango ba. Iskar ƙunar kanta tana shiga bayansa ta cikin gurbin ta danna shi waje. Shi ya sa gurbin da ya cike da daskararren baƙin toka, ko ya buɗe saboda tsufa, ke kashe aikin ringi ko da sabo ne fil.

Idan ringi ya gaji, asara ta fuska biyu take zuwa. Matsi yana zurarewa ƙasa, inji ya rasa ƙarfi, direba ya ƙara murɗa totur don ya sami jan da ya saba, mai ya ƙara tafiya. Iskar da ta zurare kuma tana gurɓata baƙin mai ta tsinka shi. Ta ɗaya fuskar, baƙin mai yana hawa sama ya ƙone, ya fito a matsayin shuɗin hayaƙin da duk wanda ya taɓa tsayawa a bayan adaidaita a cunkoson Titin Murtala Muhammad ya shaƙa. A ɗauki misali kawai: idan lalacewar ta ƙara wa direba lita ɗaya a wuni, a kan naira 900, cikin kwanakin aiki 26 ya yi asarar naira 23,400, ban da baƙin man ciko, alhali balas ɗin mai keke bai ragu da ko sisi ba.

Ringi ba iri ɗaya ba ne. Na zallar ƙarfen zubi yana saurin kwanciya da bango, yana kuma saurin cinyewa. Wanda aka yi wa rufin kurom ya fi jure ƙura, sai dai yana daɗewa kafin ya kwanta, kuma yana buƙatar bangon da aka gyara da kyau. Akwai mai rufin molibdinom da ke riƙe mai ya jure zafi, da na tataccen ƙarfe da ake ƙarfafa fatarsa da sinadarin naitrojin. A ido, cikin kwali mai tambarin kamfani, duk kusan kamarsu ɗaya, kuma a nan jabu ke samun mafaka. Mai saye ba shi da hanyar gane ko rufin kurom ne ko ƙyalli kawai sai bayan wata biyu, lokacin da hayaƙi ya dawo. Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, SON, ita ke da alhakin tantance irin waɗannan kaya tun kafin su shigo, amma a aikace amanar ɗan kasuwa ce kaɗai garkuwar mai saye. Araha dai ba ta ado.

Tsagar ringi ma tana da ma'auni. Ƙa'idar da masu haɗa inji ke bi ita ce a bar kusan milimita 0.004 a kan kowace milimita ta faɗin silinda, wato wajen 0.25 a injin mai faɗin 62, ko da yake littafin kamfani ne mai magana ta ƙarshe. Idan ta yi kaɗan, bakunan zoben suna haɗuwa da zarar ya yi zafi, ya karce bango ko ya karye. Idan ta yi yawa, matsi ya gudu. Ana auna ta da 'yan siraran faranta masu lamba waɗanda ba su kai kuɗin cikon tanki ɗaya ba, amma gareji nawa ne ke fito da su kafin a rufe inji?

Darasin Camry

Gogayyar fistin da ringinsa da bango ita ce kaso mafi girma na ƙarfin da inji ke ɓarnatarwa a cikin kansa. Don rage shan mai, kamfanoni sun sirantar da ringi daga milimita 2 ko fiye a tsofaffin injuna zuwa 1.2 ko 1, suka kuma sassauta tokararsa. An sami tsimi, amma irin wannan ringi ba ya yafe kuskure: yana son bango mai cikakkiyar da'ira, da tsinkakken baƙin mai mai tsabta da ake juyewa a kan kari.

Ko manyan kamfanoni sun yi tuntuɓe a nan. Injin Toyota mai lamba 2AZ, mai faɗin 88.5 da zangon 96, shi ne a cikin Camry ƙirar 2007 zuwa 2009 da 'yan Najeriya ke yi wa laƙabi da Muscle. Masu irin motar a Amurka sun yi ta ƙorafin tana shan baƙin mai fiye da kima. A 2011 kamfanin ya aika wa dillalansa takardar umarnin gyara, wanda ya ƙunshi sauya fistin da ringi, daga bisani kuma, bayan an shigar da ƙara a kotu, ya tsawaita garanti zuwa shekara 10 ko mil 150,000 ga motar da gwaji ya nuna tana shan kusan lita ɗaya a tafiyar mil 1,200. Mai mota a can ya sami gyara kyauta. Da motocin suka tsufa, da yawansu suka hau jirgin ruwa zuwa Legas da Kwatano. Rahoton Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ce tsofaffin motoci miliyan 14 aka fitar daga Turai da Amurka da Japan tsakanin 2015 da 2018, Afirka ce kuma ta karɓi kaso mafi tsoka. Matashin ma'aikacin da ya sayi irin wannan Camry a Kano ya gaji matsalar, bai gaji garantin ba. Maganin da aka fi ba shi shi ne ya koma zuba mai kauri irin 20W-50, wanda ke rage hayaƙi a ido, amma ba ya buɗe hudujin da suka toshe.

Borin, da gyaran gangar auzinawa

Silinda ba ya cinyewa bai ɗaya. Sama ya fi ci, inda zafi da matsi suka fi yawa kuma mai ya fi ƙaranci, sannan ɓangarorin da fistin ke jingina sun fi sauran zaizayewa. A hankali da'ira takan koma siffar ƙwai. Sabon ringi mai cikakkiyar da'ira ba zai toshe rami mai siffar ƙwai ba, kuma wannan ne dalilin da ya sa "a yi masa ringi kawai", gyaran da mai ƙaramin ƙarfi ya fi zaɓa, sau da yawa ke komawa gidan jiya cikin 'yan makonni.

Gyaran gaskiya shi ne borin: a fafe silinda da inji har ya koma da'ira, a sa fistin da ringi masu girman da ya dace. Matakan da aka saba su ne ƙarin milimita 0.25, 0.50, 0.75 da 1.00. Wasu matasa na ɗauka borin hanya ce ta ƙara wa inji ƙarfi. Lissafi bai goyi bayansu ba. Idan aka fafe injin TVS King daga 62 zuwa 62.5, cc zai tashi daga 199 zuwa 202 da rabi, ƙarin da bai kai kashi 2 cikin ɗari ba. Ko an kai shi 63, kashi 3 ne da ɗoriya. Ƙarfin da direba ke ji bayan borin tsohon ƙarfin injin ne da ya dawo saboda matsi ya daina zurara. Kowane mataki kuma yana rage kaurin bango, har a kai inda sai dai a dasa sabon silif a ciki ko a sauya bulok.

Bayan fafewa akwai mataki na biyu da gaggawa kan sa a tsallake, wato a goge bangon da dutse na musamman har ya fitar da siraran zane masu giciye. Waɗannan zane su ke riƙe baƙin mai, su ke kuma cin fuskar sabon ringi sannu a hankali har ya kwanta. Bango mai santsi kamar madubi ba ya karɓar ringi. Sannan sabon gyara yana son a lallaɓa shi na 'yan ɗaruruwan kilomita, ba lodi mai nauyi, ba tsala gudu, a kuma juye mai da wuri. Wanda ya karɓi keke a kan biya a hankali, mai shi na jiran kuɗinsa da magariba, ba shi da wannan sarari. Daga gareji sai tasha.

Tsofaffin direbobi na yabon Fijo 504, wadda kamfanin PAN ya fara harhaɗa motocinsa a Kaduna a 1975, kuma yabon yana da tushe a injiniyanci. Injinta mai cc 1,971, faɗi 88 da zango 81, silif ɗinsa zarewa ake yi a sa sabo tare da fistin da ringinsa, inji ya koma ma'auninsa na asali sau nawa aka ga dama. Yawancin injunan zamani bulok ɗinsu na alminiyam ne da aka zuba shi a kan siririn silif, wasu ma kamfanin bai tanadi a fafe su ba sam. Shi ya sa kasuwar injin Beljiyam ta bunƙasa: maimakon a gyara, sai a sayo wani tsohon da ba wanda ya san tarihinsa, da dala.

Ba kowane hayaƙi ne laifin ringi ba, kuma an sauke injuna da dama a banza. Baƙin hayaƙi alamar mai ya yi wa iska yawa ce, a duba kafireta ko matatar iska. Fari mai kauri a injin da ke sanyaya da ruwa yana nuni ga gaskit. Shuɗin da ke fita da an tayar da inji da safe sannan ya ɗauke, ya fi kama da robobin bawul. Wanda ke ƙaruwa idan an taka da lodi shi ke nuna ringi. Agogon auna matsi yana raba gardama cikin minti goma: a auna, a ɗiga baƙin mai kaɗan ta ramin fulogi, a sake aunawa. Idan allura ta haura sosai, ringi ne. Idan ta tsaya inda take, a nemi bawul.

Ƙura, mai, da gas

Abubuwa biyu na waje ke gajarta rayuwar ringi a Kano. Na farko ƙura, musamman ta hunturu, wadda iska ke kwasowa daga Sahara, har da kwarin Bodele na arewacin Chadi. Ƙwayoyin yashin da ke cikinta sun fi ƙarfen silinda tauri, idan suka gauraya da baƙin mai sai su zama tamkar sanfefa. Direban da ya cire matatar iska ko ya huda ta don inji "ya sha iska" ya buɗe musu ƙofa da hannunsa. Honda ta fahimci haka tun 1975, lokacin da ta ƙera CG125 don ƙasashe masu tasowa da matata mai wankuwa, bayan injiniyoyinta sun zagaya sun ga yadda ake wahalar da babura.

Na biyu ingancin mai, kuma wannan ba laifin direba ba ne. A Satumban 2016 ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ta fallasa yadda 'yan kasuwar Turai ke haɗa mai mai yawan sinadarin sulfa musamman don Yammacin Afirka. A lokacin dokar Najeriya ta yarda da ninki ɗari uku na abin da Turai ta amince da shi a dizal. Sulfa idan ya ƙone ya haɗu da danshi yakan zama asid mai cin bango da ringi. A Fabrairun 2022 hukumar NMDPRA ta tabbatar da shigowar fetur mai methanol fiye da ƙima, shugaban NNPC na lokacin Mele Kyari ya ce daga Antwerp ta Beljiyam aka yi lodinsa. Akwai kuma gaurayen kalanzir da na 'yan bumburutu, wanda ba ya ƙonewa duka, yana wanke man da ke bango ya bar ƙarfe na cin ƙarfe. Tun 2011 Najeriya ke da ƙa'idojin hayaƙin ababen hawa a ƙarƙashin hukumar NESREA, sai dai direban adaidaita ya fi sanin jami'in KAROTA mai neman takarda da sitika a kan mai auna abin da ke fita daga salansa.

Hanyar da gwamnatin tarayya ta nuna tun Agustan 2023 ita ce komawa iskar gas ta CNG. Ta fuskar silinda, gas yana da kirki: ba ya wanke mai daga bango, ba ya tara toka a gurbin ringi kamar fetur, yana kuma jure matsi mai yawa. Amma yana cinye wani ɓangare na sararin da iska za ta shiga, don haka injin fetur da aka juyar yakan rasa kusan kashi 10 cikin ɗari na ƙarfinsa, bawul ɗinsa kuma suna aiki a bushe cikin zafi. Injin da kamfani ya ƙera don gas tun asali, irin wanda Bajaj da TVS ke yi, an ƙara masa matsi an kuma ƙarfafa mazaunin bawul ɗinsa don cike wannan giɓi. Injin da ringinsa ya riga ya saki, idan aka ɗora masa tukunyar gas mai nauyi aka kuma rage masa kashi 10, zai yi nishi a hawan gadar Ƙofar Nassarawa da fasinja uku. Auna matsi kafin juyarwa ya kamata ya zama sharaɗi a kowace cibiya. Wadatar gas ɗin kansa a Kano kuma tana rataye ne a kan bututun AKK mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a ranar 30 ga Yunin 2020, aka kuma sha ɗage ranar kammala shi.